ITACIYAR RAYUWA: DARASI GA MASU ZANEN JOS

Duk wanda ya bi ta unguwar Kwararafa a cikin birnin Jos da hantsi, ya gangara wajen kasuwa, ba zai rasa cin karo da aikin masu zane ba, ko da bai tsaya ya duba ba. Ga allunan masu aski da kawuna iri iri, ga na teloli da na masu shayi, ga kuma manyan motoci masu bodin katako suna sauke kaya, kowace da abin da aka zana mata a baya. Wata zaki, wata gaggafa, wata jirgin sama, wata kuwa 'yar bishiyar kwakwa ce a bakin teku, rana tana faɗuwa a bayanta. Ita wannan kwakwa kusan ita kaɗai ce itaciyar da hannun mai zanen kasuwa ya saba da ita, alhali kuwa ita 'yar bakin ruwa ce, ba ta san sanyin tudun Jos ba. Kuka da gawo da tsamiya da rimi da ɗorawa, waɗanda kowa ya tashi a inuwarsu, da wuya a ga ɗayansu a jikin allo ko bango.

Abin da ya sa wannan fili ya ɗauko wannan zance a wannan mako shi ne, akwai wata al'umma a duniya wadda masu zanenta suka ɗauki itaciya guda suka ɗora mata tarihinsu duka, da daɗinsa da ɗacinsa, har ya zama wanda bai iya karatu ba ma, in ya dubi hoton, zai san abin da ya auku. Wannan al'umma ita ce ta Yahudawa, alamar kuwa suna kiranta itaciyar rayuwa. Birnin Jos, wanda ya sha rasa mutane da dukiya da itatuwa, yana da abin koyo a nan.

Tun da wuri ya kamata a share wata ƙura. Maganar zane ake yi, ba maganar gwamnatin Isra'ila ba, kuma duba fasahar mutum ba ya nufin amincewa da siyasar ƙasarsa. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, inda duk ya tsince ta shi ya fi cancanta da ita.

ASALIN ALAMAR

A cikin littafin farko na Attaura an ambaci itatuwa biyu a tsakiyar gonar da aka sa Annabi Adamu. Ɗaya ita ce ta sanin nagarta da mugunta, wadda aka hana shi ci, ɗayar kuwa ita ce ta rayuwa, wadda aka tsare hanyarta bayan an fitar da shi. Mai karatu Musulmi zai lura da bambanci a nan, domin Alƙur'ani mai girma itaciya ɗaya ya ambata, kuma a cikin Suratu Ɗaha Iblis ne ya yi mata laƙabi da itaciyar dawwama don ya yaudari Adamu. To, amma su Yahudawa, da tafiya ta yi tafiya, sai suka mayar da sunan itaciyar rayuwa a kan hikima, daga nan kuma a kan Attaura kanta. Har yau sandunan katako biyu da suke naɗe fatar Attaura a jikinsu a ɗakunan ibadarsu, da wannan suna suke kiransu, watau Es Hayim a cikin harshen Ibrananci.

Masu ilmin ɓoye daga cikinsu, waɗanda ake kira ma'abota Kabbala, sun zana wani taswiri mai da'ira 10 da layuka 22 da ke haɗa su, daidai da yawan baƙaƙen Ibrananci, shi ma suka sa masa sunan itaciyar rayuwa. Fitilarsu mai rassa bakwai, in an dube ta da kyau, siffar itace gare ta, har an yi wa rassan ado da kamannin furanni. A tsofaffin maƙabartunsu na gabashin Turai kuwa, in aka ga dutsen kabari da hoton itace a karye, an san wanda ke kwance a wurin ya mutu da ƙuruciyarsa.

Akwai dalilin da ya sa itace ya samu wannan matsayi. Shari'ar Annabi Musa ta yi kashedi mai tsanani a kan yin gumaka da siffofi, saboda haka masu ado na cikinsu suka daɗe suna kaffa-kaffa da zana mutum a wurin ibada. Rassa da ganye da furanni su ne suka zama mafita. Da su aka ƙawata takardun aure, da labulen ɗakin ibada, da bangon littattafai, shekaru aru aru kafin a san wani abu wai shi zanen zamani.

BAYAN YAƘIN HITILA

Tsakanin 1939 da 1945 gwamnatin Hitila ta Jamus da masu taya ta suka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. Garuruwa suka zama kufai, zuriya da yawa ta yanke ba wanda ya saura. Masu zanen da suka tsira sun tarar da tsohuwar alamar nan a hannunsu, amma ba ta yi musu daidai ba yadda take, domin itaciya mai lif-lif da ganye ba ta faɗi gaskiyar abin da idonsu ya gani ba. Kowannensu sai ya sake mata fasali.

Wanda ya fi fito da wannan a fili shi ne Samuel Bak, haifaffen birnin Vilna a 1933, birnin da yau yake hedkwatar ƙasar Lituweniya. Yana ɗan shekara tara aka fara nuna zanensa, a cikin unguwar da Jamusawa suka killace Yahudawa. An kashe kakanninsa a dajin Ponari, bayan gari kaɗan, inda aka harbe mutane dubbai aka tura su cikin ramuka, an kuma harbe mahaifinsa a 1944, kwanaki kaɗan kafin sojan Rasha su shigo. Shi da mahaifiyarsa kaɗai suka tsira. Da ya girma ya zama mai zane, itatuwa suka cika aikinsa, amma irin waɗanda ba a taɓa gani a daji ba. Za a ga kututture an datse shi, sama ta rabu da ƙasa tana shawagi a iska. Za a ga reshe an ɗaure shi da tsumma kamar karaya, ko an tokare shi da katako an buga ƙusa. Wani lokaci saiwoyin ne a waje suna lilo, babu ƙasar da za su kama. Duk da haka akan ga ɗan ganye ɗanye a wani lungu na hoton. Bak ya koma Amurka da zama a 1993, a 2017 kuma aka buɗe gidan ajiye zanensa a garin da aka haife shi, garin da ya fita daga cikinsa yana yaro maraya.

Marc Chagall ya bi wata hanya dabam. An haife shi a 1887 a yankin Vitebsk, cikin daular Rasha ta wancan zamani, ya yi yawancin rayuwarsa a Faransa har ya rasu a 1985. A 1976, yana dab da shekara 90, aka kafa wata babbar taga ta gilashi mai launi da ya tsara a garin Sarrebourg na gabashin Faransa, tsawonta mita 12. Wani ƙaton dami ne na furanni mai siffar itace, ja da shuɗi da kore, Adamu da Hauwa'u suna tsakiyarsa. Ana kiran tagar da sunan Salama, ana kuma kiranta Itaciyar Rayuwa. Abin lura shi ne, ɗakin da aka sa ta tsohuwar majami'ar Kirista ce, garin kuwa yana cikin yankin da Faransa da Jamus suka yi ta zub da jini a kansa. Bayahude ne ya yi wa Kirista aikin, a ƙasar da aka yi yaƙi, ya kuma zaɓi itace domin ita ce alamar da kowane ɓangare zai iya tsayawa a gabanta ba tare da ya ji an tsokane shi ba.

Ita kuwa Anna Ticho, wadda ta zauna a birnin Ƙudus daga 1912 har rasuwarta a 1980, ba ta ƙara wa itace kome ba. Da gawayi da fensir ta yi ta zana tsofaffin zaitun da ke kan duwatsun bayan gari, masu murɗaɗɗen jiki da kogo a ciki, kamar fuskar tsohon da ya ga jiya ya ga yau. A nan ne kuma zane ya yi karo da siyasa, ko an so ko ba a so ba. Wannan zaitun ɗin dai shi ne Falasɗinawa suke ɗauka alamar zamansu a ƙasar kakanninsu, ga shi kuwa an sha tumɓuke musu shi a gonakinsu na Yammacin Kogin Jodan. Sliman Mansour, mai zanen Falasɗinawa wanda aka haifa a Birzeit a 1947, ya shahara da zana mata suna tsinkar zaitun. Itaciya ɗaya ce, al'umma biyu kowace tana cewa saiwarta ce a ƙasa. Mutumin Jos ba ya bukatar a yi masa fassarar irin wannan gardama.

Alamar ba ta tsufa ba har yanzu. Ran 27 ga Oktoba, 2018, wani ɗan bindiga ya shiga wani ɗakin ibadar Yahudawa a birnin Pittsburgh na Amurka ya kashe mutum 11. Sunan ɗakin ibadar kuwa Itaciyar Rayuwa. Da mutanen gari suka tashi yin ta'aziyya, manya da 'yan makaranta, ba su sha wahalar neman abin da za su zana ba, yana nan a ajiye tun kaka da kakanni.

BAHAUSHE DA ITACE

In ana maganar sanin darajar itace, ba za a bar Bahaushe a baya ba. Harshensa ma ya isa shaida. Idan ya ga shugaba mai ƙarfi wanda jama'a ke fakewa da shi, sai ya kira shi gamji, kamar yadda aka kira Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Idan ya ga mai alherin da na kusa ba ya amfana da shi, sai ya ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Idan zai yi maganar tarbiyya, ya ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan abu ya kai iyaka, ya ce an zo magaryar tuƙewa, wannan kuwa daga Suratun Najmi ya samo shi. Da ganyen magarya ake wanke mamaci, da ganyen kuka ake kaɗa miya. Sunayen wurare kuma ga su nan birjik, Rimin Gado a ƙasar Kano, Rimin Tsiwa a Zariya, Giginya a Sakkwato, Unguwar Rimi a Kaduna da Jos, har da Kukawa ta Barno wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814.

Tarihin ƙasar Hausa ma a gindin itace aka yi wani sashe nasa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Tsumburbura da itaciyarta da aka kewaye da ganuwa, wadda Barbushe kaɗai ke shiga wurinta. Ya ce a zamanin Sarki Yaji, da Wangarawa suka kawo Musulunci, a ƙarƙashin itaciyar tsafi aka yi masallaci, sa'an nan a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka sare ta aka gina hasumiya a gurbinta. Masu tarihin jihadi kuma sun ce a gindin faru aka yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a a Gudu a 1804, abin da ke tuna wa mai ilmi mubaya'ar da Sahabbai suka yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ƙarƙashin itaciya a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira.

To, da duk wannan arziki, me ya sa itace bai shiga adon Bahaushe sosai ba? A duba zanen gidajen Zariya da Kano, za a ga dagi, da takobi, da daga baya keke da agogo da jirgin sama. A duba aikin babbar riga, za a ga aska biyu da aska takwas da tambari. A duba zayyanar allo da ta Alƙur'ani, da sassaƙar ƙwarya, da aikin dukawa, layuka ne da kusurwoyi da da'ira. Itacen yana cikin ginin, amma a ɓoye. Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, azarar giginya ce ƙashin bakan gizonsa, an lulluɓe ta da ƙasa. Akwai kwatankwacin wannan masallaci a filin gine-ginen gargajiya na gidan kayan tarihi na Jos, kowa yana iya zuwa ya gani.

Wasu za su ce tsoron komawa ga tsafi ne ya kawo haka, tun da an san abin da ake yi a gindin tsamiya da kuka a zamanin maguzanci. Wannan tsoro yana da tushe. Amma game da zane, hukuncin a bayyane yake. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum mai sana'ar yin hotuna ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas yana neman fatawa, ya gargaɗe shi a kan surar abu mai rai, sa'an nan ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Watau abin da malamai suka yi saɓani a kansa shi ne ya cika allunan kasuwa, zaki da gaggafa da fuskar mutum, wanda aka ba da izninsa a sarari kuwa shi aka bari.

Musulmin wasu ƙasashe ba su bar shi ba. Cikin Ƙubbar Dutse ta birnin Ƙudus, wadda Halifa Abdul Malik ɗan Marwan ya gina wajen 691, an yi ado da rassa da ganyaye na ƙananan duwatsu masu launi. Babban masallacin Dimashƙa, wanda ɗansa Walid ya gina, bangonsa yana ɗauke da dogayen itatuwa a bakin kogi. A birnin Ahmadabad na Indiya akwai masallacin Sidi Sayyid, na wajen 1573, wanda aka sassaƙa tagarsa ta dutse da siffar itaciya mai rassa a sarƙe, har ta zama tambarin birnin. Suratu Ibrahim kuwa, a aya ta 24, ta kwatanta kyakkyawar kalma da kyakkyawar itaciya mai kafaffen tushe da reshe a sama. Kirista ma yana da tasa, domin Littafi Mai Tsarki da itaciyar rayuwa ya buɗe, da ita kuma ya rufe a cikin Ru'ya ta Yohanna.

DARASIN GAWO

Ba sai an je Turai ba kafin a ga wanda ya yi wannan aiki. Ibrahim El-Salahi, Musulmi ɗan Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, ya kuma tashi da rubutun Larabci a hannunsa. A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kobar wata shida ba tare da shari'a ba. Daga baya ya yi jerin zane mai yawa a kan itaciya guda da mutanen bakin Nilu ke kira haraz. Wannan haraz ba wata ba ce illa gawo. Kowane manomi ya san halin gawo, yakan zub da ganye da damina lokacin da kowane itace ke kore, ya kuma yi ganye da rani lokacin da daji ya bushe, dabbobi su samu inuwa da abinci, gero kuma ya yi kyau a gindinsa. El-Salahi ya ga mutum mai tsayawa a kan ra'ayinsa a cikin wannan hali, ya yi ta zana shi da layuka kamar na zayyana. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje aikin rayuwarsa duka. Gawon da ya kai shi can yana nan tsaye a gonakin Katsina da Daura da Damagaram, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi da idon mai zane.

Kututturen nan mai toho da Samuel Bak ya yi ta zanawa ma, manoman ƙasar Maraɗi sun gan shi da idonsu a gona. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasar ta zama fako, dashen da aka yi ta yi yana mutuwa. Wajen 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga saiwoyin itatuwan da aka sare, waɗanda ke nan da ransu a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku a kowane kututture suna gyara su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Hausawa ne suka yi yawancin wannan aiki da gatari da lauje, amma har yanzu yana jiran mai zana shi.

JOS DA SAIWOYINTA

Yanzu sai a dawo gida. Birnin Jos kuza ce ta haife shi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga tona tudun, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, lebura suka kwararo daga ƙasar Hausa da Barno da kudu suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere a ƙasarsu. Daga 1942 zuwa 1944 har aikin tilas aka yi don a samar wa Ingila kuza ta yaƙi, mutane da yawa suka mutu da sanyi da cuta. An sare itatuwa don girki da jin ɗumi a barikokin lebura, an bar ramuka da tsibin ƙasa da tafkunan da har yau suke cin mutane da dabbobi. Da hukuma ta tashi gyara, itacen turare ta dasa a kan tsibin, shi kuwa asalinsa daga Ostireliya yake. Mangwaro da dogon yaro daga Indiya suka zo. Ƙyarana da ke shinge gonakin ƙauyukan Birom ita ce tsohuwar 'yar gida. Yau duk suna tsaye a ƙasa ɗaya, wanda bai san tarihi ba ba zai ce ga wanda ya riga wani ba.

Mutane ne suka kasa yin abin da itatuwa suka yi. Gardamar ɗan ƙasa da baƙo, wadda aka cuɗa ta da addini da siyasar ƙaramar hukuma, ta fashe ran 7 ga Satumba, 2001, aka yi kwanaki ana kashe-kashe, mutum wajen 1,000 suka hallaka. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. Aka sake yi a Nuwamban 2008, aka kuma yi a Janairun 2010, ran 20 ga Mayu, 2014 kuma bama-bamai biyu suka tashi a kusa da kangon kasuwar suka kashe fiye da mutum 100. Unguwanni suka rabu, Musulmi ya tattara ya koma inda 'yan'uwansa suka fi yawa, Kirista ma haka, maƙwabtan shekara 30 suka zama sai a waya. An kafa hukumomin bincike, ta Mai Shari'a Niki Tobi da ta Yarima Bola Ajibola suna cikinsu, sun kuma rubuta rahotanni masu kauri. Amma talakan Gangare ko na Unguwar Rukuba bai karanta su ba, kuma yaron da aka haifa a 2001 yau magidanci ne, abin da ya sani game da waɗannan kwanaki shi ne abin da aka gaya masa a gidansu, watau rabin labarin.

A nan ne zane yake da aiki. Hoton gawa yana tayar da fushi, jerin sunaye yakan jawo gardamar na wa aka sa na wa aka bari, tutar wata ƙungiya ko alamar wani addini kuwa rabin gari kaɗai za ta yi wa magana. Kututturen da aka sare ya sake toho ba ya zargin kowa, kuma duk uwar da ta rasa ɗa, ko a masallaci take kuka ko a coci, za ta gane shi. Limami ba shi da abin cewa a kansa, fasto ma haka.

Garin kuwa ba baƙon fasaha ba ne. Daga ramukan kuza aka tono kawunan yumɓu na Nok, na farko a 1928, wani kuma a 1943, wanda aka ce wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Bernard Fagg. Shi Fagg ɗin ne ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952. A wannan gari ne Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafancan, ya nuna zanensa tun kafin ya tafi karatu Zariya, inda shi da su Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna kira ga mai zanen Nijeriya ya nemi kayan aikinsa a cikin al'adun gida. Ga Jami'ar Jos, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, ga Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, duk a gari ɗaya.

Saboda haka wannan fili yana kira ga Gwamnatin Jihar Filato da hukumar gidan kayan tarihi da su shirya gasar zane ta shekara shekara a kan itatuwan ƙasar nan, a buɗe ta ga ɗaliban jami'a da 'yan makarantun sakandare da na Islamiyya, kada kuma a manta da masu rubuta allunan Kwararafa da masu fentin mota, domin su ne jama'a ke ganin aikinsu kullum. A ba su bangon makarantu da na tashoshin mota, musamman a kan iyakar unguwannin da suka juya wa juna baya. Malaman gandun daji su ba da irin dashe, yadda duk bangon da aka zana kuka ko gawo ko ɗorawa a jikinsa za a dasa mai rai a gabansa, a kuma damƙa renonsa a hannun matasan ɓangarorin biyu. Attajiran gari da ke kashe kuɗi a kan allunan siyasa, waɗanda ruwan damina ɗaya ke wankewa, suna iya ɗaukar nauyin fenti da buroshi.

Ba a ce wannan zai maye gurbin shari'a ga waɗanda aka zalunta ba, ko ya warware maganar takardar zama ɗan ƙasa, wannan aikin hukuma ne, kuma ana nan ana jiranta. Amma an ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ko da tashin Alƙiyama ya riski mutum da dashe a hannunsa, in yana da halin dasawa to ya dasa. Wanda ke da buroshi a hannu ma ya fara da bangon da ke kusa da shi.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da Jos da Nijeriya lafiya, amin.